Neman muryar shekarun 1980 a wani ɗaki na Yantala

9 ga Nuwamba 2024

Kiɗan ya kammala tun watan jiya, saura murya, kuma muryar ce aikin. Da Hausa na rubuta waƙar, kan mace mai jiran matafiyi, autarmu ce za ta rera. Abin da nake so a ji idan ta buɗe baki shi ne irin muryar da aka riƙa naɗa a Ingila daga 1981 zuwa wajen 1986, zamanin da kiɗan na'ura, wanda Turawa ke kira synth-pop, ya cika gidajen rediyonsu. Duk wanda ya saurari Yazoo ko Human League ko Depeche Mode na farko-farko ya san abin da nake nufi. Muryar a miƙe take ba yawan lanƙwasa, tana da faɗi har ta cika kunnuwa biyu, samanta da sheƙi, bayanta kuma da wani dogon amo mai sanyi wanda ba a samunsa a ɗakin da mutane ke kwana.

Kayan da ke hannuna ba su da yawa: tsohuwar kwamfutar hannu, katin sauti mai kafa biyu, makirufo Shure SM58 irin na masu wa'azi da masu biki, lasifikar kunne, sai manhajar naɗi ta Reaper. Kiɗan da Dexed na yi shi, manhajar kyauta ce da ke kwaikwayon Yamaha DX7, fiyanon da ya fito a 1983 ya shiga waƙoƙin wancan lokaci ba iyaka. Gangar kuwa sautin LinnDrum ne na 1982. Bugun waƙar 116 ne a minti, adadin da zan dawo kansa idan an zo lissafin eko.

Ƙarancin kayan bai karya min gwiwa ba. A 1982 mawaƙan Eurythmics sun naɗi mafi yawan faifan da ya fito da su duniya a wani ɗaki da ke saman shagon masu firam ɗin hoto a unguwar Chalk Farm ta Landan, da na'ura mai layi 8 kacal. Kwamfutata duk da tsufanta ta fi ta layuka nesa ba kusa ba.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina, ba za a sa Auto-Tune ba, wato manhajar da ke daidaita sautin murya. Kamfanin Antares ya fito da shi ne a 1997, shekara goma da ɗoriya bayan zamanin da nake bi. Ba ƙinsa nake yi ba, waƙoƙin fiyano na Kano da na nan gida da shi suka samu kamanninsu, kuma ina sauraronsu da daɗi. Sai dai abin da yake gogewa, wato ɗan saɓanin da ke tsakanin rerawa ɗaya da wata, shi ne ainihin abin da nake farauta.

16 ga Nuwamba

Ɗakin na siminti ne, tsawo mita 3.5, faɗi mita 3, rufin kwano da silin. Idan ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu, sai ka ji wani zirrr mai ƙarfe-ƙarfe yana kai da komo tsakanin bango da bango. Wannan ƙarar tana shiga makirufo tare da murya, kuma in ta shiga ba ta fita. Amon da ake ji a faya-fayan 1980 daga akwatin lantarki ya fito, bayan an naɗi muryar a busasshen wuri. Idan muryar ta zo da amon ɗakinta na kanta, duk abin da ka ɗora a kai laka zai zama.

Na yi ɗan lissafi don in san inda ɗakin ke gunji. A irin zafinmu na Yamai sauti yana cin kusan mita 350 a daƙiƙa. Ka raba da ninkin tsawon ɗakin, wato 7, ka samu 50 Hz, ma'ana kaɗawa 50 a daƙiƙa. Ta faɗi kuwa wajen 58 Hz. Duka biyun suna can ƙasa da muryar mace, yanke su ba wuya. Matsalar tana tsakiya, inda bango ke mayar da muryar cikin ƙiftawar ido ta gauraya da ta asali.

Na jingina katifu biyu a kusurwa, mai waƙa za ta tsaya ta ba su baya. Mutane da yawa suna sa katifar a bayan makirufo, alhali SM58 gabansa yake ji, bayansa kusan kurma ne. Abin da yake kallo shi ne bakin mai waƙa da bangon da ke bayanta, don haka can ya kamata a rufe. Na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa na rataya bargo mai nauyi ta gefe, ƙasa kuma tabarma da wani bargon a kanta. Wani abokina ya kawo min tarin kwalin ƙwai ya ce a manna a bango. Na gode masa na ajiye. Kwalin bai da kaurin da zai shanye sauti, ado ne kawai.

Fanka dole a kashe ta lokacin naɗi, shi ya sa na jira sanyi ya fara shigowa. A watan Afrilu ba mai iya tsayuwa tsakanin katifu biyu a rufaffen ɗaki. Lokaci ma sai an zaɓa: injin niƙan maƙwabta yana tashi tun da hantsi, masu garuwa suna wucewa da ƙarar kurarsu, da yamma yara ne a layi. Daga bayan isha'i zuwa wajen sha ɗaya unguwar ke lafawa.

24 ga Nuwamba

Wani gurnani ya bayyana a ƙarƙashin duk abin da na naɗa. Na buɗe ma'aunin sauti na gan shi tsaye a 50 Hz, da ƴaƴansa a 100 da 150. Wutarmu ce, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, tana bi ta cajar kwamfuta ta shiga katin sauti. Da na zare caja na bar kwamfutar a kan batir, ya ɓace ɗungurum. Yanzu kafin kowane zama sai na cika batir, kuma hakan ya zo da wata riba: ko an ɗauke wuta ana tsakiyar baiti, naɗin bai tsayawa.

7 ga Disamba

Auta ta fara rerawa, kuma nan aikin ya nuna fuskarsa ta gaskiya.

Ta tashi da waƙoƙin fim da na biki, inda ƙarshen kowane layi sai an karkaɗa shi an murɗa. Makogwaronta ya iya wannan sosai. Ni kuma ina roƙonta ta riƙe sautin a miƙe, ta shiga a kan bugu, ta fita a kan bugu, ta bar karkarwar sai can ƙarshen dogon wasali, shi ma kaɗan. Ta cire lasifikar kunne ta ce, "Yaya, wannan ai karatu ne ba waƙa ba. Ina daɗin yake?" Na ce ta yi haƙuri ta ba ni amshin haka nan, sannan ta sake rera shi daidai yadda ta yi, ba ƙari ba ragi, tana jin na farkon a kunne.

Da na haɗa mata biyun ta yi shiru tana saurare, sai ta ce a sake kunna mata.

Ninkin murya ke nan, kuma a ganina kashi mafi girma na wannan sauti a nan yake. Mutum ba ya iya maimaita kansa daidai wa daida. Rerawa ta biyu za ta ɗan haura ta farko a wani wuri, ta ɗan sauka a wani, ta riga ta da ɗan mitsitsin lokaci ko ta makara. Waɗannan ƙananan saɓani su ne ke haifar da kauri da wani motsi a cikin muryar. Idan kowane layi yana cike da murɗiya, biyun ba za su taɓa hawa kan juna ba, sai a ji mutum biyu suna gardama. Miƙewar da nake nema ba don sanyin rai ba ne, don ninkin ya zauna ne.

Tun 1966 Ken Townsend ya ƙirƙiro hanyar ninka murya da na'urar tef a ɗakin naɗi na Abbey Road a Landan, don a hutar da mawaƙa daga maimaici. Har yau akwai masu kwafe layin murya a kwamfuta su ɗan matsar da shi su ce sun ninka. Na gwada don Auta ta ji bambancin. Abin da ke fitowa wani sauti ne siriri kamar ana magana ta cikin bututu, saboda kwafin yana cinye wasu sassan na asali. Ita da kanta ta ce a cire.

Tsarin da muka tsaya a kai: a baiti, murya ɗaya a tsakiya da ninki ɗaya a ƙarƙashinta, ƙasa da ita da kamar 10 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), a ji shi ba a gane shi ba. A amshi, ta tsakiya tana nan, ninki ɗaya ya tafi can dama, ɗaya can hagu. Wurin da Hausa ke ba da aiki shi ne tsawon wasali. Idan a rerawa ta farko ta ja wasalin, a ta biyu ta gajarta shi, kalmar tana dagulewa, mai sauraro ya kasa tantance ta. Na buga mata baitocin a takarda, muka bi da jan biro muna ja wa kowane dogon wasali layi a ƙasa, muka sa ɗigo a inda za ta ja numfashi. A layukan ninki kuma na ce ta sassauta baƙaƙen ƙarshen gaɓa, ta bar wa ta tsakiya su, don kada "s" guda ta fito sau uku a jere.

18 ga Disamba

Yau hutun ranar Jamhuriya, na wuni a kan gyaran muryar ita kaɗai, ba amo ba eko.

Da farko matattarar iska. Na samu tsohuwar rariya a madafar Inna, na cire ragar, na ɗaure wani shara-sharan ɗankwali a bakin zoben, na kafa shi da waya tazarar yatsu huɗu daga makirufo. "B" da "f" su ne masu hura iska, musamman irin "f" ɗinmu da leɓɓa biyu ke yi. "Ɓ" da "ɗ" ba ruwansu, ba sa turo iska waje. Masu wahalar su ne "ƙ" da "ts". Suna fita da wani tsartsi mai kaifi wanda a allon kwamfuta za ka gan shi tsaye kamar allura, ya fi sauran kalmar tsawo. Na'urar matse sauti tana ganin allurar sai ta danne, ta tafi da wasalin da ke biye, a ji muryar ta nutse ta taso.

Magani biyu na haɗa. Na karkatar da makirufon kaɗan, yana kallon gefen bakinta maimakon tsakiyarsa. Sannan na jera matsi biyu. Na farko mai saurin kamu ne, aikinsa cafke allurar kawai, 2 zuwa 3 dB, irin aikin da akwatin matsi na UREI 1176 na 1967 ya yi suna da shi. Na biyu mai jinkirin kamu ne, yana matsewa 4 bisa 1, shi ke riƙe muryar ta zauna wuri guda. Muryoyin wancan zamani a matse suke sosai, raɗa da ɗaga murya kusan ƙarfinsu ɗaya, don haka ban ji tsoron dannawa ba.

Na yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz, na rage kaɗan a wajen 250 inda kusantar makirufo ke sa murya kumburi. Sheƙin sama shi ne inda SM58 ke gazawa, don daga 15 kHz ya sallama, tun kafin nan ma ya fara sauka. Ɗaga abin da babu shi ba ya kawo komai sai shuuu. A nan dabarar Aphex Aural Exciter ta yi min rana. Na'ura ce ta 1975, da farko ma ba a sayar da ita, haya ake bayarwa ana biya kan kowane minti na waƙar da aka gama. Abin da take yi ba boyayye ba ne: ta ware saman sautin, ta ɗan ƙona shi har ya haifi sababbin sautuka a samansa, ta mayar da kaɗan cikin na asali. Na yi hakan da hannu. Na tura kwafin muryar wani layi, na yanke duk abin da ke ƙasa da 5 kHz, na ɗan ƙona, na shigo da shi a hankali har na fara jinsa, sannan na ɗan koma baya. Bayansa dole a sa mai rage kaifin "s" da "sh" a tsakanin 6 da 8 kHz, in ba haka ba kunne zai gaji tun kafin amshi na biyu.

Na ƙara ɗan faɗi irin na kamfanin Eventide, wanda na'urarsu H910 ta fito a 1975: kwafi ɗaya an ɗaga shi kashi 7 cikin 100 na rabin mataki an jinkirta shi milisakan 12 a hagu, ɗaya an sauke shi haka nan an jinkirta 18 a dama. A kan muryoyin amshi kuma na sa TAL-Chorus-LX, mai kwaikwayon koras ɗin fiyanon Roland Juno-60, wato abin da ke sa sauti ɗaya ya yi kamar da yawa. Suna ƙara kyau, amma a bayan ninkin gaske suke tafiya.

4 ga Janairu 2025

Amo. Na daɗe ina ɗokin zuwa nan.

Kafin zamanin na'urorin dijital, manyan ɗakunan naɗi da farantin ƙarfe suke yin amo. EMT 140 na Jamus, wanda ya fito a 1957, faranti ne mai kusan mita 2 a mita 1 rataye cikin akwatin katako, ana girgiza shi da sauti ana ɗaukar rawar da yake yi. Sai Lexicon 224 ta zo a 1978, AMS RMX16 ta biyo baya a farkon shekarun 1980 daga garin Burnley na Ingila. Waɗannan akwatuna biyu su ne bangon da muryoyin zamanin suka jingina da shi. Wani abu da ya taimake ni: Lexicon 224 ta farko ba ta wuce 8 kHz. Wato muryar tana da sheƙi, amma wutsiyar amonta duhu gare ta. Manhajojin yau suna ba da amo mai haske har sama, shi ya sa idan ka buɗe su yadda suka zo sai ka ji abin ya yi sabo fil. Na yanke saman amon a 7.5 kHz, na yanke ƙasansa a 350 Hz, nan take shekarun suka koma baya.

Tsawon wutsiyar na sa daƙiƙa 2.4. Da haka waƙar ta yi kama da abin da ke kaina, sai dai akwai tambayar da ta fi wannan: ana jin maganar?

Na kai wa Inna lasifikar kunne tana zaune a tsakar gida, ita da ba ta taɓa ganin baitocin ba. Na ce, "Inna, ki saurara ki maimaita min abin da take faɗa." Ta kawo layin farko daidai. A na biyu ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, muryar Auta ce na ji, amma maganar ta shige ruwa." Gaskiya ta faɗa. Hausa tana tafiya ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali. Idan wutsiyar gaɓar da ta wuce tana nan tana ƙara a daidai lokacin da sabuwar gaɓa ke sauka, kunne yana jin biyun tare, saukar ta ɓace. Gajeren wasali kuma amo yana ja masa tsawon da ba nasa ba.

Ban rage amon ba, na matsar da shi baya. Raba 60,000 da 116 ya ba da milisakan 517 a kowane bugu. Rubu'insa 129. Na sa amon ya jira milisakan 129 kafin ya fara, ta yadda kowace gaɓa za ta fito a sarari ta gama bayyana kanta kafin inuwarta ta biyo. Sannan na sa matsi a kan layin amon wanda muryar ke tuƙawa: tana cikin rerawa amon ya sunkuya da kamar 4 dB, ta yi shiru ya miƙe ya cika gurbin. Injiniyoyin da can da yatsa suke yin irin wannan a kan teburin haɗa sauti. Na mayar wa Inna, ta kawo baitin gaba ɗaya, har ta gyara min wata kalma da ta ce ba haka ake faɗarta a Dogon Dutsi ba. Na karɓi gyaran.

Eko kuma milisakan 388 na sa, kashi uku cikin huɗu na bugu, yana maimaitawa sau biyu ya mutu. Ba a kan dukan waƙar ba, a kan kalmar ƙarshe ta kowane layin amshi kaɗai, inda akwai fili.

Akwai kuma amon da ake datsewa, wanda ya samo asali a ɗakin naɗi na Townhouse a Landan wajen 1980 a hannun injiniya Hugh Padgham. Amo ne mai ƙarfi da ake sare masa wutsiya farat ɗaya. Na ganga ne tun asali, kuma a gangata yana nan. A murya na gwada shi a baiti, bai dace ba, yana sa maganar tsalle-tsalle. Na bar shi a wuri ɗaya tak, kan wani gajeren kira da ƴan amshi ke yi kafin a koma baiti.

12 ga Janairu

Hunturu ya sauka da ƙarfi, daga gadar Kennedy ba a hango ƙetaren kogi sosai. Muryar Auta ta dushe. Ruwan ɗumi da zuma da citta take sha, na ce kada ta rera komai sai ta warware. Ninki ba ya yiwuwa da makogwaron da ya sauya, don na yau ba zai hau kan na watan jiya ba. Na lulluɓe kwamfuta da katin sauti da zane, na kwance kan makirufon na wanke ragarsa da soson cikinta, ruwan ya fito ja.

25 ga Janairu

Na shiga kasuwar Katako neman na'urar kaset. Na samu wata mai kai biyu a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, bel ɗinta ya narke ya zama baƙin danƙo. Ya kankare shi da tsinke, ya zaro wani daga gwangwanin da ya tara su, ya goge kan da auduga da alkol, sannan ya sa kaset yana juya wani ɗan ƙaramin sukuru a gefen kan yana saurare, har saman sautin ya buɗe. Ya ce, "Yaro, kowa na zubar da su kai kana saye. Me za ka yi da ita?" Na ce, "Baba, murya zan wuce da ita ta ciki in dawo da ita kwamfuta." Ya ce to in riƙa goge kan kafin kowane aiki, ƙurar bana ba ta da kyau.

Hirar ta kai mu ga makaɗin nan Mamman Sani. Tun 1978 ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan lantarki a nan Yamai da ogan ɗin Orla na Italiya, kiɗan da ƴan Nijar suka daɗe suna ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, kafin kamfanin faya-fayai na Sahel Sounds su sake fitar da shi a 2013. Dattijon ya san sautin tun kafin in gama kwatanta shi. Ina son a riƙa tuna wannan, don kada a ɗauka kiɗan na'ura baƙo ne da ya sauka jiya a garin nan.

Game da aikin kuwa, kaset ba tef ɗin ɗakin naɗi ba ne. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, manyan na'urorin Landan kuwa 38 ko 76. Da na wuce da babbar muryar ta ciki, sheƙin da na sha wahalar samu ya tafi, shuuu ya shigo. Faya-fayan da nake bi tsaf suke, ba su da wannan dattin. Amma a kan layukan ninki abin ya yi kyau ƙwarai. Kaset ɗin yana ɗan rangaji, gudunsa ba ya tsayawa daidai, yana kuma tausasa kaifin baƙaƙe. Sai ninkin ya ƙara bambanta da ta tsakiya, ya koma bayanta ya zauna. Wahalarsa ɗaya, kafin ƙarshen waƙa ya zame daga bugu, dole in yanka shi layi-layi in mayar da kowanne gurbinsa.

8 ga Fabrairu

Auta ta warware, mun naɗi gadar waƙar, kuma a nan na so in sa bokoda. Homer Dudley ne ya ƙirƙiro ta a Bell Labs cikin shekarun 1930 don aikin tarho, mawaƙa suka ɗauke ta daga baya, Roland ma ta fitar da VP-330 a 1979. Tana raba muryar mutum gida-gida daga ƙasa zuwa sama, ta auna ƙarfin kowane gida, ta ɗora wannan siffa a kan sautin fiyano. Siffar baki ta mutum ce, amma hawa da saukar sautin na fiyano ne.

Ga mai Hausa wannan babban lamari ne. Kalangu yana ɗaukar hawa da saukar magana ya bar baƙaƙe, kuma duk da haka wanda ya san take yana gane abin da ake faɗa. Bokoda akasin haka take yi, ta ɗauki baƙaƙe da wasula ta zubar da karin. Da na danna maɓalli ɗaya na riƙe, kamar yadda ake yi don a samu muryar mutum-mutumi, layin ya fito ba a gane ko kalma ɗaya. Sai na bi layin gaɓa-gaɓa a fiyano, inda magana ta hau in hau, inda ta sauka in sauka, ko da mataki ɗaya ne. Maganar ta dawo. Da TAL-Vocoder na yi, na kuma bar ainihin muryar Auta a ƙarƙashi kaɗan don ta riƙe "ƙ" da "ts", waɗanda na'urar ke haɗiyewa. Layi huɗu ne kawai a duk waƙar, sun ci min dare guda cur, kuma ban yi da-na-sanin ko minti ɗaya ba.

22 ga Fabrairu

Na kai haɗin farko fada da daddare, ana kan shayi na biyu. Da gangan ban je da lasifikar kunne ba, don ba da ita mutane za su ji waƙar ba. Na tura wa mutum biyu ta WhatsApp, muka kunna a waya, muka kunna a ƴar lasifikar Bluetooth da ake jin ƙwallo da ita.

Waya baki ɗaya gare ta, dama da hagu suna haɗewa su zama abu guda. A nan faɗin Eventide ya nuna rauninsa: kwafin hagu da na dama suna cin juna, muryar tana ɗan shiga tana fita a baiti. Ninkin da Auta ta rera da bakinta kuwa bai gezau ba, amshin ya fito da kaurinsa ko a ƙaramar waya. Wani ya tambaya ko mu biyu ne mata a gidan masu waƙa. Wani kuma, wanda ke haɗa kiɗa da manhajar FL Studio, ya ce a baiti na biyu akwai inda ta ɗan sauka ƙasa da sautin, in ba shi minti biyar ya gyara min. Na ce na ji wurin, kuma ba da na'ura za a gyara shi ba. Mun ɗan ja maganar, shi yana ganin ɓata lokaci ne, ni ina ganin idan aka daidaita layi ɗaya aka bar sauran, kunne zai tsinci wanda aka taɓa.

Abin da ya rage: in rage faɗin Eventide da 3 dB a baitoci, in ɗaga wajen 3 kHz kaɗan a babbar muryar don ta huda ta cikin DX7 a kan waya, sannan Auta ta sake rera baiti na biyu da ninkinsa a zama ɗaya. Azumi na kamawa farkon Maris, daga nan dare ya zama na tarawihi, zafi kuma yana tafe. Ta ce Laraba bayan isha'i ta samu sarari, na ce ta zo da takardar nan mai jan biro.